Tukwicin Linux

Mijina, Malam Ja'afaru, mutum ne da ko allura aka ara masa sai ya mayar da ita da godiya har mai ita ya gaji. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai buga waƙoƙin wa'azi na Fulatanci da mahaifinsa ya bari, a tsohuwar kwamfutarmu ta falo. Takardun sun tsufa, gara ta ci gefensu, saura arba'in bai buga ba.

Rannan ya nuna wa Zakiyya, 'yar ƙaninsa mai koyar da kwamfuta a sakandare, wani rubutu da ya daɗe yana fitowa a kusurwar allon.

"Bappa, cewa yake Windows ɗinka ba na asali ba ne. Mai shagon da ya sa maka shi, kwafa ya yi."

"Wato na sata?"

Zakiyya ta sosa ƙeya. Shi ke nan, Malam ya yafa wa kwamfuta zane. Wai ba zai rubuta wa'azin ubansa da kayan sata ba. Mako uku ana haka, gara kuwa ba ta yi ritaya ba. Na ji haushi ƙwarai, don kullum na share ɗakin sai na kwashe garin takarda.

Ran Asabar Zakiyya ta zo daga Gwallameji a keke, da filasha a jaka. Ta ce akwai wata manhaja, Linux, halal ce, masu ita sun ce kowa ya ɗauka. Ta sa ya kwashe waƙoƙinsa a wata filashar, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar. Da aka zo ɗora Linux ɗin, shi da kansa ya yi ta dannawa da yatsa ɗaya, yana bisimilla a kowane mataki. Kafin azahar allo ya fito fes, waƙoƙin duk sun buɗe.

Na ce to, Malam, a ci gaba. Ina! Ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar man shanun da aka kawo mana daga Zungur, ya miƙa wa Zakiyya.

"Ga tukwicinki na 'yar aike. To masu kyautar fa? Ina gidansu?"

"Bappa, mutum dubbai ne, a ƙasashe daban-daban. Ba su san ka ba ma."

"Ni na san sun ba ni. Ba a karɓar kyauta a yi shiru."

Ya naɗe hannu. Wallahi na kusa jefa masa ludayi. Zakiyya ta yi dariya, ta lalubo masa jerin sunayen waɗanda suka yi aikin, ta buga masa shafi uku.

Bayan la'asar na same shi a kan darduma, tabarau a hanci, yana bin sunayen da yatsa. Kowanne sai ya karya shi yadda ko uwar mai sunan ba za ta gane ba, sannan ya ce Allah ya saka masa da alheri. Na zo da niyyar tsiya, sai na ji kaina ina cewa amin.

Da ya shafa addu'a, ya jawo kujera gaban kwamfuta ya ɗauko takarda ta gaba, wadda rabin gefenta ya tafi. Yana cikin bugawa ya tsaya. Ashe waƙar da mahaifinsa ya yi ce ranar sunan shi Malam ɗin, bai taɓa sanin da ita ba.

"Khadijatu," ya ce, yana goge ido, "zo ki karanto mini, ni ba na ganin layin."