Hawan Dutse a Garejin Kurihara

Tun da na haifi Fumika na kafa doka: ni da mijina Shunpei ba ma hawa titi a mota ɗaya muddin za a buɗe wa turbo wuta, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi. In tsautsayi ya zo, ya ɗauki ɗaya, ya bar wa yarinyar ɗaya.

A da, shi ke tuƙi a hanyar dutse, ni ina gefe da kwamfuta a cinya, da siririn tiyo daga jikin inji zuwa kunnena. Haka muke saita mota. Kunnen nawa ne. Shi ko inji na kuka da hawaye ba ya ji.

Da muka sa sabon turbo, na kai Fumika wurin kakarta, muka nufi garejin tsoho Kurihara don a hau daino, na'urar auna ƙarfin inji. Aka ɗaure motar tamau, tayoyin baya a kan gangunan ƙarfe masu juyawa, wata ƙatuwar fanka na hura mata iska. Shunpei ya taka totur, gareji ya ɗauki rawa.

"Ƙarfin doki ɗari huɗu da tamanin!" in ji Kurihara.

Na daka tsalle har da tafi. Shunpei kuwa ya fito yana sosa ƙeya.

"Maman Fumi, wannan lissafin fanka ne. A dutse, cikin zafin Agusta, wa zai yi mata fifita? Mu hau dutsen sau ɗaya tak, ki saurara."

"A'a."

"To in inji ya fashe fa?"

"Inji ana sake shi. Uwa fa?"

Amma na san yana da gaskiya. Na juya wurin tsohon.

"Baba, rage fankar nan. Ka ƙara wa gangunan nauyi kamar muna hawan tudu."

"Ke 'yar nan, dafa mota za ki yi?"

"Dutsen zan kawo nan."

Na shiga gefen mijina, na cusa tiyo a kunne. Wata goma sha huɗu rabon da mu zauna haka! Giya ta uku, ta huɗu, turbo ya yi fito, allurar gudu ta wuce ɗari biyu, bango na nan gabanmu bai matso ba. Gumi na zuba, ni ina dariya. Can sai na ji inji na ƙwanƙwasa, kamar tsakuwa a gwangwani.

"Ɗaga ƙafa!"

A kwamfuta na ja taimin, wato lokacin tashin wutar inji, baya, na ƙara fetur kaɗan. Muka sake hawa har sau uku, inji ya daina ƙwanƙwasa.

"Ɗari huɗu da hamsin da biyar," in ji Kurihara. "Matarka ta yanka maka dawaki, yaro."

Shunpei ya kifa goshi a sitiyari yana dariya.

"Mu ƙara ɗaya?"

"Taka," na ce. "Ƙarfe huɗu zan ɗauko Fumika."