Rijiyar Nea Tudose

Ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, ya tofar a kan bargo. Na ɗauka cutar ce ta ɓata masa harshe, don likita ya riga ya gaya mana huhunsa ya ƙare. Sai ya miƙo min kofin.

"Ɗanɗana, Safta. Kada ki yi min ƙarya."

Gishiri ne, da wani ɗan warin kananzir a ƙarshensa.

Nea Tudose maƙwabcina ne, katangar katako ce tsakaninmu. Duk ƙuruciyarsa a tashar tura ruwa ya yi ta, can bayan tudu ta wajen Moreni, inda ake danna ruwan gishiri cikin ƙasa don ya koro ɗanyen mai zuwa rijiyoyin kamfani. Da matarsa Zamfira ta rasu, ya haƙa rijiya a ƙofar gida sadaka gare ta. A nan yake so a ɗebi nasa ruwan, domin a garinmu idan mutum ya mutu, kwana arba'in ake kai wa maƙwabta guga-guga su sha, kada mamacin ya yi ƙishirwa a can.

A bana mai ya ja baya, kamfani ya shiga lalube. A ƙara ƙarfin ruwa a wannan rami, a rage a wancan, a jira a ga inda zai ɓullo. To, ga ruwan gishirin ya ɓullo a rijiyar Nea Tudose.

Ya sa na kira jikansa Octavian, injiniya a kamfanin. Ya zo da rigar aiki, ya zauna a bakin gado. Tsohon ya ce a rufe ramin da ke bayan coci. Octavian ya ce ramuka da yawa ke turawa, ba wanda ya ga abin da ke ƙasa, taswirarsu ma kintace ce. Ana iya rufe wancan, ruwan ya ƙara karkatowa nan.

"Kai da kwamfutarka ba ku sani ba?"

"Ba mu sani ba, Kaka. Kai da ka murɗa famfon shekara da shekaru, ka taɓa sani?"

Nea Tudose ya ce bai taɓa tambaya ba.

Na ce ai sai mu sayo ruwan roba idan lokaci ya yi. Ya harare ni, ya ce shi ba zai je wurin Zamfira da ruwan kanti ba. Taurin kai dai har bakin kabari. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa.

Kullum da safe sai na kai masa ruwan rijiyar a kofi ya gwada, kullum gishirin na ƙaruwa. Ranar Alhamis bai tofar ba, ya haɗiye da ƙyar. Kafin azahar na riƙa masa kyandir a hannu, kamar yadda muke yi wa mai barin duniya, ya cika.

Ni na ɗauki nauyin kai ruwan. Ba gidan da ya ƙi karɓa. Kowa zai amshi gugan da hannu biyu, ya yi masa addu'a, ya jira na ba da baya. Ban taɓa waiwayawa ba.

Kafin arba'in ta cika, ciyawar gindin kowace katanga a layinmu, inda ake juye ruwan, ta ƙone, ƙasar wurin ta yi fari fat. Da yamma awaki na bi gida-gida suna lasa.