Durƙuso na Biyu

Duk wanda ya san Gil-ja a garin nan ya san mace ce da ba ta musu da namiji. Tun ranar da aka kawo ta gidan Tak a matsayin matar babban ɗa, aikinta hidimar matattun gidan ne. Kakan miji, kakar miji, iyayen kakanni, kowa da ranar tunawa da shi, kuma kowace rana sai an dafa an soya an jera a tebur. Maza su shigo da tsabtatattun safa su durƙusa, su ci, su sha giyar shinkafa, su karkaɗe wando su tafi, ita kuma ta bi kwanuka. Haka ta yi ta fama har kanta ya yi fari, har shi kansa mijin ya bi sahun waɗanda ake dafa wa.

'Ya ɗaya gare ta, Mi-ryong, wadda ta tafi Seoul tun tana budurwa ta koyi shirya fim. Bana Mi-ryong ta fitar da fim ɗinta na farko, kuma tun kafin a nuna shi a garin, labarinsa ya riga shi isowa.

Du-sik ne ya kawo shi har gida. Ƙanin marigayin ne, shi ne yanzu bakin dangi, mutum mai gyaran murya sau biyu kafin kowace magana kamar wanda zai karanta labaran duniya. Bai ko zauna ba.

"Matar yaya, na ji abin da 'yarki ta aikata. An ce ta kwashe asirin gidan nan ta kai kasuwa. Wai har kisa a ciki, kuma wai abin dariya ne! Ranar Asabar za a nuna shi a nan, zan je in gani da idona. In haka ne, ko dai ta durƙusa gaban jama'a ta nemi gafarar dangi, ko kuma kada in ga ƙafarta a gidan nan ranar tunawa da ubanta."

Ranar tunawar kuwa saura 'yan makonni. Gil-ja ta ce, "To, ƙanin miji," kamar yadda ta saba. Bayan ya fita ta zauna bakin rumfa. Ta san 'yarta sarai, da ta durƙusa wa Du-sik gara ta haɗiyi garwashi. Ta kuma san in aka hana ta zuba wa ubanta giya a teburin tunawa sau ɗaya, ba za ta sake tako garin ba har abada. Tsoro ya kama Gil-ja, tsoron zama ita kaɗai a wannan ƙaton gida da matattu.

Ranar Asabar da rana ƙaramin gidan siliman garin ya cika maƙil. Ba don son fim ba, kowa ya zo ne ya ga yadda za a kwashe. Matan ƙungiyar unguwa sun kame kujerun tsakiya, kowacce da gashi a nannaɗe, suna raba dafaffiyar masara. Tsofaffin maza suna gaba, Du-sik a tsakiyarsu da kwat ɗin zuwa biki. Gil-ja ta lallaɓa can gefe ta zauna, ta rungume jakarta.

Fim ya fara da wata mata tsugune gaban kasko tana soya wainar kabewa, tari guda a faranti, wani tarin na jira. Gil-ja ta ji kamar ƙugunta ne ke ciwo. Sai ƙanin mijin matar ya leƙo madafa, ya gyara murya sau biyu. Wata a kujerun tsakiya ta ƙyalƙyale, 'yar uwarta ta zungure ta. Mutumin ya ɗauki waina ya gutsura, ya ce, "Matar yaya, bana hannunki ya yi sanyi da gishiri." Matar ta dube shi, ta dubi kaskon, ta kashe wuta a natse, ta ɗaga kaskon nan ta sauke masa a ƙeya.

Ɗakin siliman ya yi tsit. Can sai wata tsohuwa ta ce, "Yawwa!" da ƙarfi, ba ta ma san ya fito ba.

Daga nan fa babu mai iya riƙe kansa. Sauran matan gidan na cikin fim suka shigo suka ga gawa, babu wadda ta yi ihu. Ɗaya ta ce a kama ƙafafu, ɗaya ta ce a bari ta juya wainar da ke ɗayan kaskon tukuna kada ta ƙone. Suka rasa inda za su ɓoye shi, sai bayan allon shamakin nan mai ninkewa da ake kafawa bayan teburin kakanni. Maza suka shigo, suka yi ta mitar mutumin ya makara kamar kullum, suka kunna turaren wuta. Suka jeru gaban tebur suka durƙusa har goshi ya taɓa ƙasa, sau ɗaya, suka miƙe, suka sake durƙusawa na biyu. Ko yaron goye a garin nan ya san durƙuso ɗaya na mai rai ne, biyu na mamaci. Ga su nan sun cika wa ɗan uwansu gaisuwarsa ba su sani ba, ga kuma babban yatsansa ya leƙo ta ƙarƙashin allon cikin safa mai huda.

Gil-ja ta toshe baki da jaka. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma dariyar ta fi ƙarfinta, ta fito ta hanci, hawaye na bin kumatunta. Rabon da ta yi irin wannan dariya tun tana gidan iyayenta.

Da aka kunna fitila, Mi-ryong ta hau dandamali cikin baƙar riga, aka ba ta abin magana, aka ce masu kallo su faɗi ra'ayinsu. Gil-ja ta ga yadda 'yar ke matse yatsunta, ta san a tsorace take.

Wani tsohon malamin makaranta ne ya fara. "Ni tambayata ɗaya. Ina darasin? An kashe mutum, ba a kama kowa ba, an ƙare da cin abinci. Me yara za su koya?"

"Su koyi yaba abinci, Malam!" in ji wata daga tsakiya. Aka kwashe da dariya.

Wani tsoho mai sanda ya miƙe da ƙyar. Shi kisan bai dame shi ba. "Yarinya, a teburin nan kan kifin yana kallon yamma ne. Gabas ake juya shi. Wane gida ne wannan?"

"Kaka, da gawa a bayan allo wa ke ta kan kifi?" wani saurayi ya ce.

"Ko da gawa goma, gabas ake juya shi!"

Maman Dok-su mai sayar da busasshen kifi ta karɓi abin magana. "Ni dai 'yar nan, fim ya yi, amma kin yi rowa. Gida mai maza shida, ɗaya kacal? Kuma wane irin kasko ne wannan, a ina ake sayar da shi?" Matan suka yi ta tafi suna buga cinya. Wata matashiya ta ce ita kuka ta yi wajen da matar ta koma cin ragowar waina a tsaye bayan kowa ya ƙoshi, don kuwa haka ta taso tana ganin uwarta. Mijinta da ke gefenta ya sunkuyar da kai.

Sai aka ji gyaran murya sau biyu. Abin tausayi, shi Du-sik bai san yana yi ba, ɗakin kuwa ya sake fashewa. Fuskar Du-sik ta yi jajir. Bai jira abin magana ba.

"Ku yi dariya! Yau gidan Tak ne, gobe naku ne. Wannan yarinya ta ci abincin kakanninta ta girma, ta dawo ta mai da su abin wasa. Mi-ryong, sauko nan. Ki durƙusa gaban mutanen nan ki nemi gafara, in ba haka ba kin san abin da na faɗa wa uwarki."

Dariya ta ɗauke. Mi-ryong ta tsaya ƙiƙam, haɓa a sama, sak ubanta. Gil-ja ta ga bakin 'yar ya fara buɗewa, ta san abin da zai fito ba mai komawa ba ne. Ba ta san sanda ta miƙe ba.

"Ƙanin miji," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ni na haife ta, ni na rene ta. In akwai laifi, nawa ne. Ni zan durƙusa."

"Mama, a'a!" Mi-ryong ta ce.

Gil-ja ba ta kula ta ba. Ta taka har gaban Du-sik, ta ajiye jaka, ta cire takalma a filin da ke tsakanin kujeru da dandamali. Ta haɗa hannuwa a goshi, ta sauka a hankali, gwiwoyinta na ƙara, har ta kai ƙasa. Du-sik ya ɗaga kai yana duban jama'a, shi a dole ya yi nasara. Ta miƙe. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Sannan ta sake haɗa hannuwa a goshi, ta fara sauka.

Wata ta ja numfashi. Tsohon mai sanda ya ce, "Kai! Kai! Na biyu ne!"

Du-sik ya zabura kamar wanda ya taka maciji. Mutumin da ba ya wuce mako bai je asibiti an auna masa jini ba, ga matar yayansa za ta yi masa gaisuwar mamaci a gaban gari, kuma a ranar da kowa ya ga abin da kasko ke iyawa. Ya kama gwiwar hannunta da hannu biyu.

"Matar yaya! Tsaya! Me kike yi haka? Ɗaya ya isa, wallahi ya isa!"

"Ai ban san iyakar laifin ba," in ji Gil-ja, tana rataye rabi a sama rabi a ƙasa. "Na ga gara in cika."

"Tashi, don girman yaya, tashi!"

"'Yata za ta shiga gidan ubanta?"

"Ta shiga! Wa ya hana ta?"

"Ita za ta zuba masa kofin farko."

Du-sik ya yi turus. Kofin farko na namiji ne, kuma tun rasuwar yayansa shi ke zubawa. Gil-ja ta ƙara sakin nauyinta ƙasa kaɗan.

"Ta zuba! Ta zuba duk tulun in ta so!"

Sannan ta miƙe tsaye. Abin da ya biyo baya ba tafi kawai ba ne, matan nan ihu suka yi, wasu a tsaye kan kujeru, Maman Dok-su tana kaɗa totuwar masara a sama. Har malamin makaranta an gan shi yana tafawa a ɓoye ƙarƙashin hula. Du-sik ya koma kujerarsa yana laluba bugun jininsa a wuyan hannu.

Mi-ryong ta sauko da gudu ta rungume uwarta tana kuka tana dariya. Gil-ja ta ji daɗi ya cika mata ƙirji, ta ji ta yi tsawo. Amma sai ta ture 'yar kaɗan, ta sa takalmanta.

"Ke kuma, wa ya ce miki ana kashe wuta kafin a ɗaga kasko? Ai sai ya huce."

"Mama!"

"Ɗauko mini jakata. Kuma ki zo da wuri ranar, ki zo da wando mai saki, don kofin farko durƙuso gare shi. Ubanki ya daɗe yana jiran ya sha daga hannunki."