Iskar da Baba Yake Nema

Tun ranar da Baba ya faɗi rabin jikinsa ya shanye, a-kori-kurarsa ita ma ta ɗau fushi. Tsohuwar mota ce, ta girmi Auta nesa ba kusa ba, kuma Baba bai taɓa yarda wani ya leƙa injinta ba, ko da 'ya'yan cikinsa ne. Yanzu ga makulli a hannun Auta, ga burodin da ake kai wa shaguna kullum da sassafe, da shi gidan yake ci.

Sai dai fa tayar da ita aiki ne ja. Ta yi tari, ta yi karkarwa, ta mutu. In ta ga dama ta tashi, sai ta turnuƙe layin da baƙin hayaƙi, maƙwabta suna tsokanarsa wai ko taya yake ƙonawa. Mai kuwa, wallahi kamar a kwando ake zuba shi.

Dogo bakanike ya ce fulogi ne, aka canza. Ya ce kafireto ne, aka wanke. Ya ciro matatar iska ya ɗaga ta a rana, ya ce tas take. Daga ƙarshe ya goge hannu a wando ya ce injin ne ya gaji, sai an sauke shi. Auta dai ya tsaya yana kallonsa. Da me za a sauke?

A gida kalma ɗaya ta rage a bakin Baba. In Auta ya zauna gefen katifa yana ba shi labarin motar, sai tsohon ya zaro ido, ya damƙe masa hannu. "Iska," yake cewa, "iska." Mama ta buɗe taga, ta ɗauko mafici. Auta ya ƙaro fanka. Baba sai ya juya fuska bango, hawaye na bin kuncinsa, su kuma tausayi ya kama su, suna cewa zafi ne yake damunsa.

Mai gidan burodi ya yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, ya ba wani aikin. Mama ta roƙi Auta kada ya sayar da motar Baba yana raye. Ya ji, ya kuma sayar, don magani ba ya jira.

Mai sayen tsofaffin motoci ya karɓi makulli, ya fara kwance ta nan take a gabansa. Da ya cire dogon bututun da ke kai wa injin iska, sai ya tsaya, ya zura waya, ya jawo wani abu baƙi ƙirin. Tsohuwar singiletin Baba ce. Mutumin ya yi dariya ya ce ai aikin tsofaffin direbobi ke nan, da yamma su toshe bakin bututun saboda ɓeraye, da safe su cire. Wani ya tayar da ita bai cire ba, injin ya zuƙe tsumman ciki. Mutumin ya mayar da bututun, ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi, lafiya lau.

Auta ya tare shi. Ya roƙe shi a warware cinikin, har da durƙusawa. Mutumin ya ce ciniki ya riga ya faɗa, amma tsumman zai iya tafiya da shi.

Da ƙafa ya dawo gida. Mama tana zaune tana yi wa Baba fifita. Da tsohon ya ga abin da ke hannunsa, fuskarsa ta washe, rabon da su ga haka tun kafin ya kwanta.

"Iska?"

"Ta samu, Baba."

Baba ya lumshe ido, ya karkata kunne wajen ƙofar gida, yana jiran ya ji an tayar da ita.