Awon Fensir

Saura kaɗan Auta ta yi kuka a aji ranar da malamar adabi ta ce, "Da zarar marubuci ya ajiye alƙalami, ku ɗauka ya mutu. Kada ku nemi abin da yake nufi. Ma'ana tana hannun mai karatu."

To, kun san mai gyambo ba ya son a fama masa. Mahaifin Auta tela ne, wata biyu ke nan da rasuwarsa. Shekara guda ya yi yana amsa gaisuwarta da ka kawai, don ta ƙi karatun jinyar da ya zaɓa mata, ta kama na adabi. Bayan ya rasu ta buɗe littafin awonsa, sai ga sunanta a shafin ƙarshe: kafaɗa, hannu, tsawo, da "rigar gama makaranta". Bai ja layi a kai ba, yadda yake ja wa aikin da ya kammala. Hucewa ya yi, ko fasawa? Abin da ya hana ta sakat ke nan.

Ta ɗaga hannu. "Malama, in da gaske ya mutu fa?"

Aji ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Sai ki bi shi ki tambayo mana!" Malama ta tsawatar, ta ƙara bayani da manyan kalmomi. Auta ta rubuta duka, ko ɗaya bai shige ta ba.

A shagon marigayin ta nuna wa yayanta shafin. Ya ce, "Ke ma kin san Baba. Da yana so, yini ɗaya ya ishe shi. Fasawa ya yi."

Umma tana zaune kusa da keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane. Ta ce, "Miƙo nan. Ni karatu ya wuce ni, amma wannan ai da fensir ne."

Auta ta ce, "Fensir kuma?"

"Shekara talatin ina share shagon nan. Wanda ya auna da tef, da biro yake rubuta shi. Fensir na wanda ya auna da ido ne, mai shi bai sani ba."

Sai Auta ta tuno shi a bayan keke, yana bin ta da kallo ta saman tabarau duk sanda ta gifta. Ita kuwa, baiwar Allah, ta ɗauka harara ce.

"Umma, ya yafe min ke nan?"

"Bai faɗa min ba, 'yar nan. Ga littafi a hannunki."

Auta ta zaro tef ɗinsa daga jikin ƙusa, ta auna kanta. Kafaɗa daidai. Hannu daidai. Tsawon ne ya gaza da inci ɗaya. Ta ɗauki fensirin za ta gyara, hawaye ya rufe mata ido, ta mayar da shi gwangwaninsa.

Washegari ta kai wa telan bakin layi yadi da shafin. Ta ce, "A ɗinka yadda yake a rubuce."