Tukwanena, Hoton Mabel

Zacharias, ka sace mini hannuna. Da akuya ka sata ko doya, da na yi shiru saboda ubanka. Hannuna ka ɗauka ka liƙa wa matarka, ni kuwa ina zaune a ƙauye ina sa maka albarka.

Ni ce Asibi, matar wan ubanka, in ka manta. Na fi shekara arba'in ina ginin tukwane a ƙauyenmu, bayan Kwali. Shekara shida ke nan da ka zo ka tsuguna a gabana ka ce akwai wani shago a Wuse da ke son randunana, kai za ka riƙa kai mini. Na ce to in je in ga shagon mana. Ka ce, "Haba Mama, cikin Abuja ba wurinki ba ne. Ba kya karanta allo, mota za ta kwashe ki." Na yarda. A takarda an ce ƙauyenmu ma Abuja ne, amma har na yi furfura ban taɓa taka cikin birnin ba.

Makon jiya matarka Mabel ta zo mini da farata jajaye dogaye, wai tana son koyon gini. Shekararku tara da aure, ba ta taɓa tambayata inda ake haƙo yumɓu ba. Na ce ta yanke faratan tukuna. Ta ce jiya-jiya aka sa mata su. Ta jawo kujera ta zauna, na ce mu ba ma gini a zaune, tukunya ce take zama, mutum ya sunkuya ya riƙa zagaya ta. Ta zagaya sau huɗu ta ce jiri take ji. Abin da ta gina ranar, ko kaza ba za ta sha ruwa a ciki ba. Duk da haka na ji daɗi. Na ce a raina yarinya ta yi hankali.

Ranar Laraba Yamusa direba ya zo lodi. Shi ne mai a-kori-kurar da ke kai kayana gari. Yana shimfiɗa ciyawa tsakanin randuna sai ya ce, "Mama, ashe surukarki ta gaje ki, ba ki gaya mana ba."

Na ce, "Ta gaje ni a me? Ban mutu ba."

"A gini mana. Hotonta na gani a shagon, ƙato, ya kai ƙofar ɗakin nan. Hannunta duk laka."

Na ajiye abin da ke hannuna. Shi kuma da ya ga fuskata ya so ya haɗiye maganar, na hana shi. Ya ce mai shagon, wata Madam Prudence, ta ce a kawo mata maginiyar ranar Talata da ƙarfe goma na safe. Wani otal ne ke son randa hamsin, masu otal ɗin kuma sun ce sai sun ga mai ginin da idonsu. A nan na gane abin da ya kawo faratan nan gidana.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. In na zauna sai in miƙe. Na sa gishiri sau biyu a miya. Na kwaɓa yumɓu na manta da shi har ya bushe. Kullum da safe ina tashar mota ina tsare Yamusa da tambaya, wace mota ake shiga, ina ake sauka, in an sauka hagu ko dama. Ranar Juma'a da ya hango ni sai ya shige ƙarƙashin motarsa wai yana gyara. Na tsaya a kan ƙafafunsa har ya fito.

Ya ce, "Mama, ki bari in kai ki ranar Talata, ki huta, ni ma in huta."

Na ce a'a. In ya kai ni, shi za su riƙa kallo suna tambaya, ni su ba ni kujera da ruwan sanyi. Haka aka yi mini shekara shida. Ni kaɗai zan je, kuma ranar Litinin zan tafi, in ga ƙofar shagon da idona, in koyi hanyar da ƙafata, in kwana wurin Rosemary 'yar cocinmu da ke sayar da kayan miya a kasuwar Gudu. Ranar Talata kafin tara ina bakin ƙofa.

Da magana ta fita, kowa ya zama ɗan Abuja. Matar fasto ta ce kada in shiga tasi sai mai fenti kore da fari, akwai ɓarayi masu mota da suke ɗaukar mutum su yi masa tas. Mai shagon bakin hanya ya ce kada in tsallaka titi, in nemi gadar ƙafa. Yamusa ya ce abu ɗaya zai roƙe ni, kada in ɗora kaya a kafaɗa irin namu na Gbagyi. Wai masu kamen 'yan talla za su ɗauka talla nake, su jefa ni a mota.

Na ce, "Uwata a kafaɗa ta ɗauki kaya, uwarta ma haka."

Ya ce, "Uwarki ba ta je Wuse ba."

Abin da zan tafi da shi ma ya ba ni wahala. Na zaɓi wani tulu mai kyau, na naɗe, na kwance, na sake naɗewa. Ranar Lahadi bayan sujada na mayar da shi wurinsa. Tulu kowa na iya saye ya ce shi ya gina. Na gangara rafi na haƙo yumɓu sabo, na tsince duwatsun, na kwaɓa, na naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu na cusa a jaka. Na haɗa da totuwar masara da nake zane da ita, da tsinken gora. Na yanko igiya mai tsawon kamu biyu. Tunda ba na karanta allo, duk inda aka yi kwana zan ƙulla, ƙulli ɗaya hagu, biyu dama.

Litinin da sassafe na shiga bas zuwa Gwagwalada, daga nan na shiga wata mai zuwa Wuse. Kwandasta ya ɗaga jakata ya ce, "Mama, mutum kika kashe?" Na ce tukuna. Na zauna bakin taga da igiyata. Har muka wuce Lugbe ƙullina biyu kawai, hanya miƙaƙƙiya. Da muka shiga gari sai hanyoyi suka fara hawa kan juna. Mota ta hau gada ta juya ta dawo ta bi ƙarƙashin gadar da ta hau. Wannan hagu ne ko dama? Na ƙulla, na kwance, na ƙulla. Kafin mu isa kasuwar Wuse igiyar ta zama dunƙule ɗaya. Na jefa ta a jaka.

Yamusa ya ce in na sauka in ba kasuwa baya, in yi ta tafiya har in ga gini mai gilashi kusa da banki. Allah ya isa tsakanina da wannan kwatance. Duk ginin da na gani gilashi ne, kuma kowane yana kusa da banki. Na tambayi wani mai kwat, ya amsa da Turanci bai ko tsaya ba. Na tambayi mai gasa masara, ta ce in ba ta sunan titi. Rana ta hau tsaka, jakar na yanka mini yatsu, ina canja hannu kamar mai ɗauke da garwashi. A ƙarshe na ce su kama ni in za su kama, na ɗora ta a kafaɗa.

Ban yi taku ashirin ba na ji an gaishe ni da yarenmu. Wata mata ce mai sharar titi, da tsintsiya doguwa. Ta ce tun daga nesa ta san 'yar gida ce. Na gaya mata abin da nake nema. Ta ce, "Mai randuna a taga? Kin wuce shi sau biyu ina kallonki." Ta nuna mini da tsintsiyarta. Na lura da wata bishiyar dalbejiya da ke kusurwar, da bututun ruwa da ya fashe a gindinta. Wannan alama ko makaho ba zai ɓata ba.

Niyyata in ga ƙofar in juya. Amma ta cikin gilashi na hango babbar randata mai zanen ƙadangare, wadda na gina damina biyu da suka wuce. An huda mata gindi, an zura waya, an kunna ƙwan lantarki a ciki. Randar da take sanyaya ruwa har haƙori ya amsa. Ƙafata ce ta kai ni bakin ƙofa, ban aike ta ba.

Maigadi ya tare ni da wata sanda da yake shafa wa jaka. Ya buɗe ya leƙa.

"Mama, mene ne wannan?"

"Ƙasa."

"Ƙasa kika kawo Abuja?"

"Ta gidanmu ce. Ita ma wadda kake takawa ta gidanmu ce. Matsa."

Ya matsa. Ciki sanyi kamar bakin rafi da asuba. Ga tukwanena jere a kan katako, kowace da ɗan kati a wuya. Ga hoton a bango, Yamusa bai yi ƙarya ba. Mabel ce zaune a kan turmi da zanen gargajiyarmu, an cire faratan, hannunta dumu-dumu da laka, tana riƙe da tukunya tana murmushi. Na kira maigadin na ce ya karanta mini abin da ke ƙasa. Ya karanta da Turanci, sannan ya juya mini. Wai Mabel Zacharias, wadda ta koyi gini wurin kakarta tun tana 'yar shekara bakwai. Kakar Mabel kifi take sayarwa a Lokoja, na san ta.

Na matsa kusa na ƙara duban hoton, sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da daɗi. Wata mata mai tabarau ta fito daga ofis ta ce wa maigadin, "Badamasi, lafiya?" Ita ce Madam Prudence. Hausarta irin ta mutanen Jos.

Na ce, "Madam, dubi tukunyar da ke hannunta. Wane launi ce?"

Ta ce baƙa.

Na ce, "Tukunya ba ta yin baƙi sai an gasa ta a wuta an yayyafa mata ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, tana da zafi. Wannan ta gama gasuwa. To me take ginawa a jikinta da ɗanyar laka? Kin taɓa ganin ana daka tuwon da ya riga ya dahu?"

Ta cire tabarau ta duba, ta mayar ta sake dubawa. Ta ce in zauna, na ce tsayuwa ta fi mini. Na gaya mata ko ni wace ce. Ba ta ƙaryata ni ba, ba ta kuma gaskata ni ba. Ta ce, "Mama, kada ki ji haushi, mutane suna zuwa nan su ce abubuwa da yawa. Tunda kin zo da laka, ki gina ko ƙarama in gani."

Hannuna har ya kai bakin jakar. Na janye shi. Na ce ba yau ba. In na gina yau, ita kaɗai ta gani, gobe kai ka zo ka shafa mata baki da Turanci a ce kuskuren mai hoto ne. Gobe da ƙarfe goma zan raba yumɓun nan gida biyu a gaban masu otal, rabi nawa, rabi na Mabel. Ta ce ta yarda, kuma ba za ta kira ka ba.

Ita ba ta kira ka ba, na yarda da ita. Amma ina fita na ga Badamasi ya juya baya yana danna waya. Ashe kana saya masa goro.

Na shiga tasi kore da fari zuwa Gudu. Rosemary ta ba ni benci a bayan tiren attaruhu, ban iya zama ba, sai yayyafa wa buhun ruwa nake kada ya bushe. La'asar ba ta yi ba wayata ta yi ƙara, kai ne. Ka ce, "Mama, wa ya kai ki gari? Ki koma gida, maganar gida a gida ake yi." Na ce hoton ba a gida ka rataye shi ba. Ka ce ai don kasuwa ka yi, masu saye sun fi son fuskar yarinya. Sannan ka ce Mabel zazzaɓi ya kama ta da rana, mai yiwuwa a ɗaga mitin ɗin. Ka kashe wayar. Na kira sau bakwai, ba ka ɗauka ba.

Ba za a ɗaga komai ba. Na san hanyar yanzu, kuma gobe kafin tara ina gindin dalbejiyar nan da jakata a kafaɗa. In Mabel na zazzaɓi ka goyo ta, ko ka bar ta a gida ka zo ka sunkuya kai da kanka. Ba gafara nake nema ka roƙa a waya ba. Ka tsaya a gaban Madam Prudence da masu otal, a ƙarƙashin hoton nan, ka faɗa da bakinka wa ya gina kowace tukunya da ke shagon, ka kuma faɗa mini abin da na yi maka da ka goge sunana. Ƙarfe goma, Zacharias. Ka zo ka ba ni amsa.