Mai Gadin Injin Ƙwai

Injin ƙyanƙyasar ƙwai na Yaya ya ƙi tashi, sai ta aika a kirawo ƙanenta Mai Dalma, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ba ƙwan Yaya kaɗai za a zuba ba. Matan layin kowacce ta kawo nata, don Yaya ta ce musu injin ya fi kaza kwanci.

Mai Dalma ya kwance bayan injin, ya sa mita, nan da nan ya kama mai laifi. Wani ɗan ƙaramin kayan lantarki ne, aisi, mai ƙafa uku, bai kai ƙwayar wake ba. Masu gyara suna ce masa mai gadi. Aikinsa ɗaya ne: in wuta ta zo da rauni, sai ya riƙe ƙwaƙwalwar injin, ba za ta tashi ba sai wutar ta cika. Wutar unguwar kuwa kullum rabi-rabi take zuwa.

"Ga ɗan banzan da ya tare ƙofa," in ji shi.

"Auta, wanda ya ƙera injin mahaukaci ne da ya sa shi a nan?" in ji Yaya.

"Yaya, ke da kaji, ni da dalma."

Ya ɗora masa ƙarfe mai zafi, ya ɓalle shi, ya wurgar. Injin ya tashi tar. Yaya ta bi gida gida tana cewa ƙanenta ko mataccen ƙarfe ya taɓa sai ya yi tari.

Ana gab da fara ƙyanƙyasa, wata rana da azahar wuta ta yi ƙasa, ta dawo. Babu mai riƙe ƙwaƙwalwar, ta farka a rikice ta sandare, ta bar hita mai ɗumama ƙwan a kunne. Lambar zafi da ke gaban injin tana nan lafiya lau yadda take. Wari ne ya tona asiri.

Ko da Mai Dalma ya iso, tsakar gida ta cika da mata. Ya dafa jikin injin, ya janye hannu da sauri. Bai buƙaci mita ba. Ya san cire mai gadin ne ya jawo.

Matar tela ta tare shi. "Injiniya, kai ne masani. Injin ne, ko ita ce ta yi sakaci?"

Ya dubi matan. Rediyonsu, dutsen gugarsu, fankarsu, duk shagonsa suke zuwa.

"To... sai na bincika tukuna."

Yaya ta dube shi. Ba harara ba ce, da ma harara ce da sauƙi. Ta gyara ɗaurin zani.

"Babu abin bincike. Ni na murɗa zafin jiya, na manta ban rage ba."

Ca suka yi mata. Wata ta ce dama rawar kanta ya yi yawa, wata ta ce ko ƙwai ɗaya ba za ta ƙara ba ta ba. Yaya ta kwashe ƙwan cikin babban baho, wasu sun fashe, ana ganin 'yan tsakin a dunƙule da gashinsu.

"Auta, ɗauki ka kai bola. Ya fi ƙarfina."

Ya ɗora bahon a ka, zafinsa yana ratsa hula. Matan suka dare suka ba shi hanya.

"Sannu Injiniya," in ji matar tela. "Kai dai ka yi naka, Allah ya yi albarka. An ɓata maka aiki."

"Amin," ya ce, idonsa a ƙasa, ya wuce.